TSOHUWAR BINDIGA: DAGA GWANJON AMURKA ZUWA GINDIN DUTSEN ZUMA

Ran 27 ga watan Agusta, 2021, a birnin Los Anjalas na ƙasar Amurka, wani kamfanin gwanjo mai suna Bonhams ya sallama wata 'yar tsohuwar bindiga a kan kuɗi dala miliyan 6 da 'yan kai, watau fiye da Naira biliyan 2 a canjin wancan lokaci. Bindigar nan ba ta zinariya ba ce, ba a kuma yi mata wani ado na a zo a gani ba. Libarba ce irin ta kamfanin Colt, mai cin harsashi shida, wadda idan maƙerin Suleja ya ɗora ta a sikeli ya yi mata kuɗin ƙarfe, ko kuɗin cefanen yini guda ba za ta kawo ba. Abin da ya sa masu kuɗi suka yi ta rige-rigen taya ta shi ne, da ita ce wani ɗan doka mai suna Pat Garrett ya harbe wani shahararren ɗan ta'adda da ake yi wa laƙabi da Billy the Kid, a daren 14 ga watan Yuli, 1881, a wani ƙauye da ake kira Fort Sumner cikin yankin New Mexico.

To, amma faɗar haka kawai ba ta sayar da bindiga. Kowane dillali yana iya ɗauko tsohon ƙarfe ya rantse da abin da zai kashe shi cewa na wane ne. Abin da ya raba wannan da sauran shi ne takarda. An san lambarta, an san hannun wanda Garrett ya karɓe ta, an san ya ba da ita ga wani mai gidan shaye-shaye a garin El Paso, an kuma san cewa bayan rasuwarsa matarsa ta kai ƙara kotu cikin shekarun 1930 har alƙali ya mayar mata da ita. Kowane hannu da ta shiga akwai shaidarsa a rubuce. Watau dai wanda ya biya dala miliyan 6 ɗin nan, takardun ya saya, aka haɗa masa da bindigar.

Ya kamata a ɗan yi wa mai karatu bayanin irin wannan bindiga, domin ba kowa ne ya taɓa ganinta ba sai a majigin kaboyi, irin wanda aka riƙa nunawa a gidajen silima na Kano da Kaduna. Wani Ba'amurke ne mai suna Samuel Colt ya sami takardar mallakar fasaharta a cikin 1836. A tsakiyarta akwai wata 'yar ganga mai ramuka, kowane rami da harsashinsa, tana juyawa tana kawo su bakin bututu ɗaya bayan ɗaya. Irin ta farko sai mai harbi ya sa babban yatsa ya ja 'yar gudumar da ke bayanta, ya ɗana, sa'an nan ya taɓa kunama. In zai sake harbi sai ya sake ɗanawa. Kunamar aiki ɗaya tak take yi, watau sakin guduma, shi ya sa masu abin ke kiranta mai aiki guda. Daga baya aka ƙago wadda jan kunama kaɗai ke ɗanawa ya kuma saki. Wadda ta fi suna a cikin masu aiki guda ita ce wadda kamfanin Colt ya fitar a garin Hartford cikin 1873, sojan Amurka suka karɓe ta a kan dala 13 kowace ɗaya. Daga wannan shekara zuwa farkon Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera wajen 357,000, aka dakata, sa'an nan aka koma ƙerawa a cikin 1956, saboda majigi da talabijin sun sa jama'a sun sake ɗokinta. Kamfanin Ruger ya shigo da nasa samfurin cikin shekarun 1950, wani kamfanin Italiya kuma mai suna Uberti ya shiga kwaikwayon tsofaffin, har ya zama wanda bai iya sayen ta ainihi ba yana iya sayen mai kama da ita a kan 'yan ɗaruruwan daloli.

A can Amurka tara waɗannan bindigogi sana'a ce mai zaman kanta, da dillalanta da littattafanta da masananta. Dokar tarayyarsu ma ta ware duk bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, ta ce kayan tarihi ce. Kuma ma'auninsu na daraja yana da ban mamaki ga wanda ya saba da kasuwar ƙasar nan, inda mai sayar da tsohon keke yakan shafa masa fenti don ya ƙara kuɗi. A wurinsu, wanda ya goge tsohuwar bindiga ya sake mata launi ya yi ɓarna, kuɗinta na iya faɗuwa da rabi ko fiye. Sun fi son ta da dattin shekarunta. Suna duba ko lambar da ke jikin gangar jikinta ta yi daidai da ta sauran sassanta, ko an taɓa rage tsawon bututun, ko an sauya wani ƙusa. Bayan duk wannan kuma sai a rubuta wa kamfanin Colt, a biya kuɗi, su buɗe tsofaffin kundayensu su aiko da wasiƙa mai cewa bindiga mai lamba kaza ta bar masana'anta ran kaza, aka aika da ita kantin wane a gari kaza, girman harsashinta kaza, mariƙinta na abu kaza ne.

Zancen mariƙi shi ne inda gardama ta fi yawa a tsakaninsu. Mariƙin, watau ƙotar da tafin hannu ke kamawa, da farko da katako ake yin sa, daga baya cikin shekarun 1880 aka koma baƙar roba mai tauri. Mai hali kuwa yakan yi odar na hauren giwa, ko na ƙumbar teku mai walƙiya, ko na ƙahon wata irin barewa ta ƙasar Indiya. Janar George Patton na sojan Amurka ya yi suna da tasa mai mariƙin haure wadda ya saya a cikin 1916. Har yau akwai masassaƙa a can waɗanda ba su da wata sana'a sai fafe mariƙi daidai hannun mai bindiga, kamar yadda baduku ke auna ƙafa kafin ya yanka fata. Amma ga inda gizo ke saƙa: mariƙin da aka sa daga baya, komai kyansa, ba ya ƙara wa tsohuwar bindiga daraja a idon masu tarawa, sau da yawa ma rage mata yake yi, sai fa in an ajiye na asalin a gefe. In wasiƙar kamfani ta ce da haure ta fito, kuɗinta ya ninka. In ta ce da katako ta fito alhali ga haure a jikinta, to, an san hannu ya taɓa ta. Shi kansa hauren ya zama abin tsoro tun da aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a cikin 1989, Amurka kuma ta ƙara tsananta tata dokar a cikin 2016. Kuma kada a manta, hauren da aka yi waɗannan mariƙai da shi a ƙarni na 19, mafi yawansa daga dazuzzukan Afirka ya fita, har da wanda jiragen 'yan kasuwar Ingila suka riƙa ɗauka daga bakin Kwara da Binuwai.

Kada mai karatu ya ɗauka kowace tsohuwar Colt miliyoyi take yi. Waɗanda suka kai haka ana iya ƙirga su da yatsu. A cikin 2018 an sayar da wata irin ta 1847 da ake kira Walker, wadda 1,100 kacal aka ƙera, a kan dala miliyan 1.84, a cikin 2020 ta tsohon shugabansu Theodore Roosevelt ta kusa dala miliyan ɗaya da rabi. Sauran kuwa, waɗanda ba su da wani labari a bayansu, 'yan dubbai ne.

Me ya haɗa wannan zance da mutumin Suleja, ko na Madalla da Zuba, waɗanda ke kwana suna tashi a gindin Dutsen Zuma? Abin da ya haɗa su shi ne, ƙasar nan ma tana da tsofaffin bindigogi, labarin da ke bayansu kuma bai gaza na wani ɗan ta'addan New Mexico ba. Abin da ba su da shi kawai shi ne takarda.

Masarautar da ake kira Suleja a yau da yaƙi aka kafa ta, da yaƙi kuma ta tsaya da ƙafarta. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi, ya sauka a Zuba cikin Koro, ya yi ta fama har aka kashe shi a wajen Lapai a cikin 1825. Ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a cikin 1828, aka kewaye shi da ganuwa. Tun daga nan har ƙarshen ƙarnin, garin bai taɓa shiga hannun sarakunan Fulani na Zariya ba, duwatsun da ke kewaye da shi kuwa, har da shi Zuma, sun zama mafaka ga mutanen ƙasar a lokacin hari. Yaƙin farko-farko na doki ne da mashi da kwari da baka. Amma a rabin ƙarnin na biyu bindiga ta fara hawowa daga kudu. Etsu Masaba na Nupe, wanda ya yi sarautarsa ta biyu daga 1859 zuwa 1873, ya ƙulla ciniki da Turawan da ke Lakwaja, ya tara bindigogi da albarushi, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa kada su wuce shi zuwa arewa sai da yardarsa. Duk da haka sun wuce. Sarkin Zazzau Yero, a cikin shekarun 1890, ya kafa rundunar bayi masu bindiga waɗanda suka zama abin tsoro a ƙasar Zazzau, ya kuma kawo wa Abuja yaƙi a zamanin Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ake yi wa kirari da Dodon Gwari, amma bai ci garin ba. Wanda ya ci shi su ne sojan Turawa a cikin watan Agusta, 1902, a cikin wannan hargitsi kuma Sarki Ibrahim ya rasa ransa. Bayan wata biyu Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya tsere Kano, abin da Lugga ya riƙe hujja ya tura runduna ta ci Kano a watan Fabrairu, 1903.

Bindigogin da aka yi waɗannan yaƙe-yaƙe da su ba su narke sun bi iska ba. Waɗansu sun lalace, waɗansu an sare su an yi fartanya, amma waɗansu suna nan a fadoji da gidajen sarakunan yaƙi da na mafarauta, an jingine su a lungu ko an rataye a bango. Mafi yawansu irin waɗanda ake ɗurawa ta baki ne, watau bindigar toka, wadda waɗansu ke kira adaka, masu barkwanci kuma su ce harba-ka-ruga. Dalilin haka ba boyayye ba ne. A taron Barasal na 1890 ƙasashen Turai sun yi yarjejeniya cewa ba za a sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani ba, sai dai masu ƙanƙara marasa tsaga a cikin bututu, da albarushi na gama-gari. Maƙeran birnin Bamingam na Ingila sun daɗe suna ƙera irin waɗannan musamman don kasuwar Afirka. Daga baya maƙeran gida suka koyi gyaransu, sa'an nan suka koyi ƙera su ɗungum.

A nan ma akwai gwanintar mariƙi, sai dai ba wanda ya ba ta suna. Duk wanda ya dubi bindigar tsohon maharbi da kyau zai ga ba yadda ta fito daga hannun maƙeri take ba. An sake mata gindi da icen gida, an naɗe bututun da rawaya ko ɗanyar fata don kada ya tsage, an kafa mata ƙusoshin farin ƙarfe ko na tagulla, an ɗinka mata layu, wani ma ya manna wuri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana faɗin wani abu game da mai ita da garinsa da zamaninsa. Abin da mai tarawa na Amurka zai kira ɓarna, a nan shi ne tarihin kansa, domin ba kundin masana'anta da za a buɗe, sai jikin bindigar da bakin dattijon da ya gaje ta.

Ƙananan bindigogi kuwa, tun da can kayan sarakuna ne da kyautar baƙi. Lokacin da Kyaftin Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato cikin 1824, a cikin gaisuwar da ya miƙa akwai bindigogi masu adon azurfa da ƙanana masu baki biyu. Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya kai wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ƙananan bindigogi biyu masu ado a cikin 1853, a wannan shekara kuma ya nuna wa mutanen Tumbutu mai harbi shida, abin ya ba su mamaki ƙwarai. Bayan zuwan Turawa, libarbar da ta fi yawa a ƙasar nan ita ce Webley, wadda sojan Ingila suka karɓa tun 1887, hafsoshi da jami'an mulki suka riƙa ratayawa a ɗamara. Ita ba mai aiki guda ba ce, karya ta ake yi a tsakiya a zuba harsashi. Saboda haka in wani ya buɗe akwatin kakansa wanda ya yi aikin soja ko na En'e ya tarar da libarba a naɗe cikin tsumma, ya fi kusa ta zama Webley ko ɗaya daga cikin 'yan uwanta, ba Colt irin ta majigi ba, kuɗinta kuma ko a Turai bai taka kara ya karya ba.

Wannan mutum da ya buɗe akwati, shi ne abin tausayi a cikin zancen nan, domin tun daga wannan sa'a ya shiga hannun doka bai sani ba. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ita ke aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. A cikinsu, tare da igwa da bindiga mai sarrafa kanta, dokar ta ambaci libarba da kowace irin ƙaramar bindiga, har da mai ƙanƙara ta zamanin da. Kashi na biyu su ne irin na farauta na zamani, lasinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Hukuncin riƙe haramtacciya ba da izini ba ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Dokar ba ta tambayi shekarun bindiga ba, ba ta kuma tambaya ko tsatsa ta cinye ta har ba ta iya tashi. Wadda Barth ya kai Sakkwato, da za a same ta yau a gidan wani, hukuncinta ɗaya da wadda aka ƙwace a hannun ɗan fashi jiya.

Ba wanda ke da hankali da zai ce a sassauta wannan doka a halin da ake ciki. Mutanen Suleja ba su manta da bam ɗin da ya tashi a ofishin hukumar zaɓe ran 8 ga Afrilu, 2011 ba, balle na cocin Madalla ran Kirsimeti na wannan shekara, kusa da gindin dutsen. Ƙauyukan Jihar Neja da yawa sun ga abin da makami ke yi a hannun wanda ba ya tsoron Allah. Ita kanta kalmar 'yan bindiga abin ya shafe ta. A da, in aka ce 'yan bindiga, ana nufin bayin sarki masu jajayen kaya da ke gaba a hawan salla suna tashin albarushi, ko su buga a sanar da gari an ga wata. Yau in rediyo ya ce 'yan bindiga, gaban kowa faɗuwa yake yi. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da sararin kasuwar libarba irin ta Amurka, ba ta kuma bukatarta. Su kansu Amurkawan suna biyan kuɗin yawan bindigoginsu da rayukan 'ya'yansu a makarantu.

Amma hana ciniki daban, ƙona tarihi daban. A cikin 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, a cikin 2024 aka sa hannu a dokarta. A watan Oktoba na 2024 cibiyar ta lalata makamai fiye da 2,000 a barikin soja da ke Giri, tafiyar 'yan mintoci daga Zuba. Aiki ne mai kyau, ya kamata ma a ƙara. Sai dai duk inda aka tara makaman da aka karɓa daga hannun jama'a, bindigogin toka kan fito da yawa a cikin tulin, kuma a idon jami'in tsaro duk ɗaya suke. Wadda aka ƙera bara da bututun famfo, da wadda ta ga yaƙin Yero, ba mai raba su sai wanda ya san tambarin Bamingam in ya gan shi. Ba wani abu mai wuya ba ne a ce kafin a hura wuta, a kira ma'aikacin Hukumar Gidajen Tarihi ya zagaya tulin sau ɗaya. In ya fitar da ɗaya cikin ɗari biyar, an tsirar da abin da ba a iya sake ƙerawa.

Hukumar tana da hurumin yin haka. Dokar da ta kafa ta a cikin 1979 ta ce aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya yana kuma da muhimmancin tarihi, kayan tarihi ne; ba a sayar da shi sai ga hukumar ko wakilinta, ba a kuma fita da shi waje sai da izini. Ga dokoki biyu ke nan a kan ƙarfe ɗaya, ɗaya ta ce makami ne, ɗaya ta ce gado ne, ba kuwa wata gada a tsakaninsu. A Ingila an gina wannan gada tuni: ana kashe bindiga yadda ba za ta sake tashi ba har abada, ofishin gwajin bindigogi na London ko na Bamingam ya duba ya buga mata tambari ya ba da takarda, daga nan ta zama abin ajiya. Gidan Makama na Kano da gidan tarihin yaƙi na Umuahiya sun nuna cewa ana iya nuna wa jama'a tsohon makami ba tare da an cuci kowa ba. Abin da ya rage shi ne hanyar da talaka zai bi ya kawo nasa ba tare da ya kwana a caji ofis ba.

Abin mamaki shi ne, in akwai garin da ya kamata ya fahimci darajar tambari da rubutu a Arewa, to, Suleja ne. Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, wanda kuma da sunansa aka sauya wa garin suna bayan an ba sabon babban birnin tarayya sunan Abuja, shi kansa mai tara kayan hannu ne. A cikin tukwanen da ya ajiye a fadarsa ne Baturen nan Michael Cardew ya fara ganin aikin Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta garin a cikin 1954. Kayan da aka gasa a wannan makaranta ana buga musu tambarin Abuja da ajami, da haruffan sunan wanda ya gina. Yau tulun da ke ɗauke da haruffan Ladi Kwali dubban fam-fam yake yi a gwanjon London, alhali na maƙwabciyarta da ba a buga wa komai ba, ko da ya yi kyansa, ba mai sanin na wace ce. Har ila yau 'yan'uwan sarkin biyu, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, su ne suka zauna da dattawa suka rubuta tarihin masarautar da al'adunta, aka fassara shi da Turanci aka buga a Ibadan cikin 1952, ya zama abin da duk mai binciken tarihin yankin ke komawa gare shi. Dattawan da suka yi hira da su sun ga yaƙin 1902 da idonsu. Na yanzu jikokinsu ne, su ma kuma suna ta tafiya.

Irin wannan aiki ne ake bukata a kan makaman da suka rage, kuma bai fi ƙarfin majalisar masarauta ba. Littafi ne babba guda, da mai ɗaukar hoto, da malami ɗaya mai haƙuri, da wakilin 'yan sanda a gefe don kada a ce an yi a ɓoye. A bi gidajen masu sarautun yaƙi da na sarakunan baka da maƙera, daga Suleja zuwa ƙauyukan da ke kewaye da dutsen, kowace bindiga a ba ta lamba, a auna tsawonta, a kwafe duk wani tambari da ke jikinta, a rubuta wanda ya fara riƙe ta da yadda ta zo hannunsa da yaƙi ko farautar da ta gani, a kuma rubuta sunan wanda ya ba da labarin da shekarunsa. In labarin ya yi kama da ƙari, a rubuta shi yadda aka faɗa, a bar wa masana su tace. Takobi da sulke da kwalkwali ma a haɗa da su. Wadda ake fita da ita hawan salla ta ci gaba da fita da lasinta. Wadda doka ta haramta a miƙa ta, amma a miƙa ta da sunan gidansu a rubuce, yadda jikan mai ita zai iya kai ɗansa gidan tarihi ya nuna masa.

Sauran gargaɗi ga wanda labarin dala miliyan 6 zai hana barci. 'Yan damfara suna karanta jarida kamar kowa, kuma ba abin mamaki ba ne wani ya zo da zancen yana da Bature mai sayen tsohuwar bindiga, a kawo kuɗin rajista. Ba wata halaltacciyar hanya da mutum zai fitar da libarba daga Nijeriya ya kai ta gwanjo, wanda kuma ya ɗauke ta a jaka ya nufi tasha da ita, shingen farko na hanyar Kaduna ya ishe shi. Wanda ya tsinci irin wannan a kayan gado, kada ya goge ta da yashi ko toka, kada ya cire fatar da aka naɗe ta da ita, kada ya sa a sake mata ƙota. Ya bar ta inda take, ya samo takarda ya rubuta duk abin da tsofaffin gidan suka sani a kanta, sa'an nan ya sanar da mai unguwa, a bi ta hannun hakimi zuwa ga 'yan sanda da Hukumar Gidajen Tarihi. Fiye da kome kuma kada ya ja kunamar don ya ga ko tana aiki, kada kuma ya bari yara su yi wasa da ita. Maharban da sukan jingine bindiga da ɗurinta a ciki, albarushi kuwa in bai sha ruwa ba yana iya tashi bayan shekaru masu yawa, a cikin bututun da tsatsa ta riga ta cinye.